Gishirina a Komin Bijimai

Ɗiyata ta fari, wadda ke aure a Damagaram, ta zo mini bara da tsarabar wani farin gishiri a cikin leda. An yi hoton ƙafar mace a jikin ledar, ƙafa sumul wadda ba ta taɓa taka ƙarangiya ba. A farmasi ta saya. Wai matan birni shi suke zubawa a ruwan zafi su jiƙa jiki idan ya yi musu tsami. Ta zauna tana koya mini yadda ake yi, har da nuni da hannu. Ni take koya wa. Na ƙyale ta ta kai ƙarshe don ta sha hanya, sannan na ce ta leƙa bayan ɗaki ta gaya mini abin da ta gani. Ta leƙa ta dawo tana dariya. Kwatarniyata ce a kife, baƙa ƙirin, bakinta ya yi farin zobe saboda gishirin shekara da shekaru. Na ce mata wannan kwatarniya ta girme ki, kuma a kanta aka taɓa tara mini maza a ƙofar gida. Ba ta nan lokacin. Labari ta ji, kuma a karkace aka ba ta shi. To ga shi a miƙe.

Ni mutuniyar Damargu ce, uwa da uba. Ƙauyen da aka kawo ni aure yana tsakanin Belbeji da Tarka. A wurinmu mace tana da gayaunarta, 'yar gonar da ake yanka mata daga gandun gida, ta shuka abin da take so, ta zuba a rumbunta, ba mai tambayarta. Tawa surukina ne ya yanka mini, uban mai gidana, Allah ya jiƙansa. Lokacin fili ne kawai a cikin kwari, sai ƙarangiya da wasu 'yan gawo ƙanana da awaki ke ci kullum. Ni na killace su da ƙaya har suka fi ƙarfin akuya. Yau in namiji ya tsaya a ƙarƙashinsu ya ɗaga kai, sai hularsa ta faɗi. Kowa ya san abin da gawo ke yi wa gona. Da rani ya yi ganye, dabba ta zo inuwa ta bar taki, da damina ya kaɗe ganyen ya bar wa hatsi rana. Ko shekarar da ruwa ya yi gardama, gayaunata ba ta taɓa mayar da ni gida hannu wofi ba.

Amma akwai sharaɗi, kuma ba wanda bai san shi ba. Gayauna ta mace ce muddin hannunta yana kanta. Ranar da ta kasa nomanta da kanta, gona ta koma gandu, ita kuma ta koma jiran kwano.

Nomanmu a tsaye ake yin sa, da hauya mai doguwar sanda. Ki tura gaba, ki jawo, ki taka, ki sake turawa, tun rana ba ta yi zafi ba har ta karkata. Wanda ke kallo daga nesa sai ya ce ai wannan da sauƙi, tunda ba a duƙawa. Ya zo ya riƙe. Kafaɗu ke fara kuka, sai ƙugu ya amsa, sai sha-raɓa ta ɗaure ta yi tauri kamar an cusa dutse a ciki. Da kika zauna kika huce, tashi sai da dafa bango.

Maganin wannan uwata ta koya mini, ita kuma a wurin matan Buzaye ta gani. Idan sanyi ya shigo an gama girbi, masu ayarin gishiri suna saukowa daga Bilma su musanya gishiri da hatsi. Yanzu sun ragu, manyan motoci sun ƙwace musu hanya, amma akwai wani tsohon Buzu da bai daina ba, kuma ƙarƙashin gawona yake sauka. Ni ke kai musu fura da tuwo muddin suna nan. Raƙuma su kwana su bar mini taki. Ranar tashi sai ya tattara mini kantun da ya karye a hanya, ya ɗaure a tabarmar kaba ya ajiye a gindin gawo. Kantu shi ne dogon curin gishirin nan mai launin ƙasa da ake ba dabbobi su lasa. Ba na miya ba ne, yana da ɗaci-ɗaci da yashi. Shi nake so.

Idan na dawo daga gona sai in ɗora babbar tukunya. Ruwa ya yi zafin da gwiwar hannu za ta iya daurewa, kada ya wuce haka. In fasa kantu da taɓarya, in ɗebi cikin tafi in zuba a kwatarniya, in ƙara kanwa kaɗan, kamar ƙwallon dabino. Kanwa in ta yi yawa fata take ci, na ga wadda ta yi garaje ƙafarta ta saɓule. In zauna a kujera in tsoma ƙafafu har sha-raɓa, in tsoma tsohon zane in matse, in gasa kafaɗu da ƙugu da shi. Da farko kamar ana tsira miki allurai. Can sai ki ji jijiya tana saki ɗaya bayan ɗaya, dutsen nan yana narkewa, gumi ya karyo miki. Ruwa ya huce ki fito, ki ɗauraye, ki shafa man shanu, ki rufe jiki kada iska ta buge ki. Da safe ki tashi kamar ba ke ba. Ba na cewa yana mayar da tsohuwa budurwa. Gwiwar da ta fara ƙara ba ya hana ta ƙara, kuma mai ciwo a buɗe ko faso mai jini kada ta kusance shi, sai ta yi ihu. Amma tsamin jiki na aiki, wannan kam ban ga na biyunsa ba.

Mai gidana ya rasu ya bar ni da 'ya'ya mata kaɗai, duk suna gidajen mazansu. Gida da gandu suka koma hannun ƙaninsa. Shi ne autan ɗakinsu. Ranar da aka kawo ni gidan yana yawo ba wando, hanci na zuba. Ni na yi masa wanka, ni na cire masa ƙaya a ƙafa, ni nake ɓoye masa ƙanzo. Ya girma ya yi kiwon bijimai, ya sayar ya je Makka ya dawo, kowa Alhaji, Alhaji. Ni auta nake ce masa. Tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, kuma muna yi, yana ce mini matarsa ina ce masa ya je ya fyace majina tukuna. Muddin yayansa na da rai wasa ne. Da aka rufe yayansa sai maganganun suka zauna yadda suke, dariyar ce ta fita daga cikinsu.

Daminar da nake ba da labari, shuka ta tsiro kyau. Wata la'asar na dawo ina ɗingishi, hauya a kafaɗa, yana zaune a ƙofar gida shi da liman.

Ya ce, "Matar yaya, wannan tafiya ce ko rawa?"

Na ce, "Rawa ce, auta. Tun ranar da na huta da wanke maka wandon fitsari nake yin ta."

Liman ya yi dariya ya rufe baki da hannun riga. Shi bai yi ba.

Ya ce, "Malam, ka zama shaida. Tsohuwar nan ƙafa ta ƙare. Ina jin kunya mutane su ga matar yayana tana jan jiki a daji kamar ba ta da kowa. Ta zauna a ɗaki mu ciyar da ita. Gonar nan ta koma gandu."

Na ce, "Me za ka shuka a ciki?"

"Wake."

"Na ci ko na harawa?"

Harawa yake so, ganyen wake na bijimansa. Gawon da na rena da hannuna yake so ya mayar abincin shanu. Kuma na san irin ciyarwar da ake yi wa tsohuwar da ba ta da rumbu. Na ga ta maƙwabta. Kwanonta ne na ƙarshe a layi, in tana son goro sai ta roƙi yara, in baƙo ya zo mata ba ta da abin dama masa.

Liman ya ce al'ada a fili take, in na yi noman fari da maimai da hannuna ba mai taɓa mini gona, in ciyawa ta cinye ta baɗi ta koma gandu. Auta ya ce ya yarda, amma da hannunta, ba jika ba ɗan ƙodago. Na ce ni ma na yarda. Na shige gida na ɗora tukunya.

Auta ba wawa ba ne, wannan zan ba shi. Yana ganin yadda nake shiga gida da yamma a karye, yana ganin yadda nake fita da safe a miƙe. Ya san abin da ke tsakanin biyun. Tun yana yaro ya sha ɗebo mini itacen wannan wuta.

Kantuna a rumbun gandu yake kwana da damina, don ɗakina yana yoyo, gishiri kuwa ba ya shiri da laima. Haka ake yi tun zamanin yayansa. Noman fari ya kai rabi, na dawo wata rana na hau rumbu, ba tabarma ba gishiri. Na tambayi matar auta, baiwar Allah mai sanyin hali. Ta sunkuyar da kai ta nuna mini waje da haɓa. Na fita. Bijimansa a ƙofar gida ake ɗaure su, gefen hanyar masallaci, don kowa ya gani ya yaba. Ga kantuna a cikin komin itacen da suke ci, duka, suna lasa suna lumshe ido.

Na same shi na ce, "Auta, wa ya kai gishirina komi?"

Ya ce, "Gishirinki? Raƙuma a ƙasar gidanmu suka kwana, a rumbun gandu na same shi. Kuma kantu na dabbobi ne, kowa ya sani. Wurin dabbobi zai zauna."

"Wa ya kai wa Buzaye fura?"

"Da hatsin wace ƙasa?"

Na dube shi tun daga hula har takalmi. Na ce, "Allah ya isa tsakanina da ƙanzon da na ɓoye maka." Na juya.

Ya san ba zan je in ɗauko ba. Mace mai shekaruna ta sa hannu a komin mai gida ta kwashe abu, sai a ce tsohuwa ta fara sata a gidan mijinta, kuma shi zai fara faɗa. Kasuwar Belbeji da nisa, in na tafi na bar gona ciyawa ba za ta jira ni ba. Na gwada ruwan zafi zalla. Yana ɗan taimakawa, ba zan yi ƙarya ba, amma bai kai ciki ba. Na gwada da kanwa kaɗai, fatar ƙafata ta yi fari ta fara ƙaiƙayi. Kowace safiya tashi yana ƙara wuya. Sai da ta kai ina isa gona rana ta riga ta take, in tura hauya kaɗan in jingina da gawo. Ruwa kuwa kamar da gayya, yana ta sauka, ciyawa tana bin hatsi tana neman wuce shi. Shi kuma kullum ya bi ta gefen gonar a kan amalankensa, ya rage tafiya, ya ce, "Sannu da aiki, matar yaya." Wata rana har ya sauko yana auna tsakanin gawo da gawo da ƙafa, ina tsaye ina kallonsa.

Ranar ce na dawo gida da wuri. Na ɗora tukunya. Na mirgina kwatarniya na fitar da ita ƙofar gida, na kai ta har turke, tsakanin bijimai biyu. Na koma na ɗauko kujera. Na yi ta jidar ruwan zafi da ƙwarya ina zubawa. Matarsa ta biyo ni tana riƙe mini gefen zane.

"Iya, don Allah don Annabi, ki rufa mana asiri. Me za ki yi?"

Na ce, "Magani zan sha, 'yar nan. Koma ciki, ba ruwanki."

Ban fitar da gishirin daga turke ba, ko taku ɗaya. Na sa hannu a komi na ɓalli wanda ya ishe ni, da yawun sa da komai, na jefa a ruwa a nan inda yake. Na zauna, na ɗage zane zuwa ƙasan gwiwa, na tsoma ƙafafu. Wani bijimi ya juyo yana hura mini iska a wuya. Ƙudaje, warin fitsari, kashin shanu a ƙarƙashin kujerata. Amma wallahi da ruwan ya kama sha-raɓata sai da na lumshe ido kamar su.

Aka kira la'asar. Duk mai zuwa masallaci ta nan zai bi. Na farko ya zo ya tsaya cak, ya kau da kai, ya sake dubawa.

"Iya, lafiya?"

"Lafiya lau. Mai gida ya ce kantu na dabbobi ne, wurin dabbobi zai zauna. Ni kuwa da shi nake tashi. Shi ne na zo cikin 'yan'uwana."

Na biyu ya zo, haka na gaya masa. Na uku ma. Ban ɗaga murya ba, ban zagi kowa ba, kowa na gaishe shi na tambayi iyalinsa. Wani tsoho sa'an mai gidana ya ce subhanallahi ya kama baki. Kafin a tayar da salla ƙofar gida ta cika, mata suna leƙe ta saman dangogi.

Sai ga auta ya fito, farar riga, carbi a hannu. Ya gan ni. Na ga fuskarsa ta yi toka.

"Ke! Haukacewa kika yi? Tashi ki shiga gida!"

"Ruwana bai huce ba, auta. In ka ga dama ka kawo igiya ka kafa mini turke, don gobe ma a nan zan zauna, da jibi, har a gama maimai."

Abin da ya ɗauka shi ne kunya za ta riƙe ni a ɗaki in lalace a ɓoye. Ya manta kunyar tsohuwa ba a kanta take sauka ba, a kan mai gidan da take ciki take sauka. Ba wanda ya dube ni ya ce tir. Shi suke duba.

Liman ya iso ya tambayi abin da ya faru. Auta ya fara maganar ƙasar gida da rumbun gandu. Tsohon nan sa'an yayansa ya katse shi.

"Alhaji, tun muna yara, abin da baƙo ya bari na wanda ya ciyar da shi ne. Kai ka taɓa kai wa Buzun nan ko ruwa? Kuma matar da ta goya ka ce zaune a cikin kashin shanu."

Ban goya shi ba, wanka na yi masa, amma ban gyara ba.

Auta ya ce da ni, haƙora a cije, "To ɗauki gishirinki ki tafi."

Na ce, "Ba ni na kawo shi nan ba. Wanda ya kawo ya mayar. Kuma ba rumbu ba, ƙofar ɗakina."

Ya waiga yana neman wanda zai aika. Liman ya ce, "Alhaji, lokacin salla yana wucewa. Ɗauka mana." Auta ya duƙa, ya tattara kantun a tabarmar da ya jefar a gefen komi, ya rungume. Gishirin ya jiƙe da yawun bijimai, ruwan ƙasa-ƙasa yana bin gaban farar rigar. Ya shige da shi gida mutane na ba shi hanya. Ni ban tashi ba sai da ruwana ya huce, don ba a fita da zafinsa. Da jama'a suka fito daga masallaci na riga na kife kwatarniya a bayan ɗaki.

Ba a rana ɗaya ƙafa ta dawo ba. Na yi ta jiƙawa safe da yamma, ina zuwa gona ina yin abin da na iya. Gefen gabas ciyawa ta riga ta yi mini ɓarna, hatsin wurin bai yi komai ba. Amma na gama noman fari, na yi maimai, da wannan hannun. Da kaka na ɗaure dammunana, na ƙi a ɗora su a amalankensa, jakin maƙwabta na ara. Liman ya zo ya duba rumbuna ya ce magana ta ƙare.

Tun daga ranar ni da auta ba mu sake wasa ba. Ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. Ya daina ce mini matar yaya, ba ya ce mini komai. Ni ban daina ce masa auta ba. Na sa an gyara mini rufin ɗaki, kantu a ƙarƙashin gadona yake kwana yanzu. Da Buzun ya dawo da sanyi na ba shi labari, ya yi ta dariya a bayan rawaninsa, ranar tashi ya bar mini kantu guda cur wanda bai karye ba.

Bana da farkon damina matar auta ta shigo ɗakina tana murza hannu. Wai Alhaji ƙugu ya riƙe shi, ya ɗaga buhu ya kasa miƙewa, ko salla a zaune yake yi. Ko zan taimaka da ɗan gishirin nan.

Na ce, "Shi ya aiko ki?"

Ta ce a'a. Ƙarya take, na gani a idonta, amma ba laifinta ba ne.

Na jawo ledar da ɗiyata ta kawo, mai hoton ƙafar mace, na miƙa mata. Na taɓa gwada shi, yana aiki, ba laifi. Na gaya mata zafin ruwa da yadda za ta gasa masa da tsumma, na ce kada ta bari iska ta buge shi. Ta dubi ƙarƙashin gado.

Na ce, "Wancan na dabbobi ne. Mijinki ya faɗa a gaban jama'a."

Ta fita da ledar. Ni kuma na ɗauki hauyata, don ruwa ya sauka da asuba, ciyawa ta fara leƙowa a gindin gawo.